Tambaya da Amsa: Anti, wata biyar ina fama, kilo 6 kawai na rage

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru min a kan rage ƙiba sun yi yawa, kuma kusan duk kuka ɗaya ake yi, an fara da zafi, abin yana tafiya kamar hawainiya, zuciya ta karaya. Na ɗauko guda huɗu, ta farkon ce zan fi daɗewa a kanta dan amsarta ta shafi kowa.

TAMBAYA: Salam Anti ya aiki ya iyali. Dan Allah ki taimaka min da shawara dan wallahi na kusa haƙura. Shekarata 34 yarana uku, na je asibiti akan ciwon gwiwa da hakin da nake yi in na hau benenmu aka auna ni kilo 96, likita ya ce jinina ya fara hawa in rage jiki. Tun bayan babbar sallah na fara, na daina shan lemo kwata-kwata, tuwon dare malmala ɗaya maimakon biyu, da safe in na raka yara makaranta a ƙafa nake dawowa wajen minti 30. Yau wata biyar kenan Anti kilo 6 kawai na rage kuma sati biyar ɗin nan sikelin ya tsaya cak a 90, wata rana ma in hau in ga 91 in zauna in yi ta kuka. Ƙawata da muka fara tare ta sayi wani shayi a Instagram wata ɗaya ta zubar da kilo 7. Kowa sai ya ce min sannu ba ta hana zuwa, ni kuwa ƙarashen nake gani, an daɗe ba a je ba. Ga dangin miji in mun haɗu a biki sai habaici wai ko yayansu ya daina cefane ne na rame. Ni 70 nake so in koma kamar lokacin aurena. Me nake yi ba daidai ba?
Maman yara uku, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan ki tashi ki je inda kuke ajiye fiya wata, ki ƙirgo leda 12 ki zuba a bokiti ki ɗauka ki hau benen nan naku da shi ki sauko. Kowace leda rabin kilo ce, toh goma sha biyun nan su ne kilo 6 ɗin da kike ce wa "kawai", kuma wata biyar baya da su kike kwana da su kike tashi, da su kike ruku'u da sujjada, da su kike durƙuson wanke-wanke. Na fi so ki ji nauyin a hannunki dan lambar da ke kan sikeli ba ta iya nuna miki shi.

Likitan da ya ce ki rage jiki ba 70 yake jira ba. A wajen masu lafiya, in mai ƙiba ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, a nan ake fara ganin hawan jini ya sassauta, suga ya daidaitu, kitsen jini ya ragu. Kilo 6 cikin 96 ya ɗan haura kashi 6, wato kin riga kin shiga ciki ba ki sani ba. Gwiwar da ta kai ki asibiti kuma, akwai binciken da aka yi a Amurka a 2005 kan masu ciwon gwiwa da ya nuna duk kilo 1 da mutum ya rage, gwiwa tana samun sauƙin wajen kilo 4 a kowane taku, ki lissafa naki, kusan kilo 24 kenan a duk takun da kika yi daga makarantar yara zuwa gida. Ba ki faɗa min ba a wasiƙarki amma ina so ki tambayi kanki, hakin bene yana nan yadda yake? Yaushe rabon ki auna jininki? Ki je ko kemis ne a auna miki ki rubuta a takarda.

Yanzu lissafin da nake so kowace mai karatu ta riƙe. Kilo 1 na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Kilo 6 a wata biyar yana nufin kullum ta Allah kina rage wa jikinki kusan kalori 300, kwana 150 a jere, da girki da yara da baƙi da biki da suna. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne wallahi. Kuma lissafin nan shi zai share miki hawayen 91 ɗin, domin kafin ki ƙara kilo 1 na kitse tsakanin jiya da yau sai kin ci kalori 7,700 a kan abincinki na kullum, abin da ko a gidan biki kika yini ba za ki iya ba. Abin da kika gani ruwa ne. Miya ta yi gishiri da maggi jiki ya riƙe ruwa, al'ada ta kusa jiki ya riƙe ruwa, ba ki yi bayan gida ba sikeli ya nuna, ko awon yamma da na safe ba ɗaya ba ne, mutum yana iya hawa da sauka da kilo 1 zuwa 2 a cikin yini guda ba tare da kitsensa ya motsa ba. Saboda haka ki daina hawa sikeli duk sanda kika gifta ta gabansa. Rana ɗaya a sati, da safe bayan kin shiga banɗaki kafin ki karya, da kaya marasa nauyi, ki rubuta. Kuma kar ki gwada wannan satin da wancan, ki gwada wata da wata, misali awon bayan kin yi wankan tsarki na wannan watan da na watan jiya.

Sannan ki nemo tef ɗin awo irin na tela ki dinga auna ƙugunki, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, wajen saitin cibiya ko sama kaɗan. Kitsen ciki shi ne mai haɗa mutum da suga da hawan jini, kuma sau da yawa sikeli zai tsaya amma ƙugu yana ci gaba da raguwa, musamman ga mai tafiyar ƙafa irinki. Ƙa'idar mai sauƙi ce, ƙugu kar ya wuce rabin tsayinki, mai tsayin santimita 160 ana so ƙugunta ya zo ƙasa da 80. In ba tef, ki auna tsayinki da igiya ki lanƙwasa ta gida biyu ki zagaya ƙugunki da ita, ki sa alama da biro inda ta tsaya, duk wata ki sake. Ko zanin da kike ɗaurawa da siket ɗin ɗinkin sallar bara ma shaidu ne.

Tsayawar sati biyar kuwa ba ke kaɗai ba ce, kusan duk mai rage jiki sai ya ci karo da ita, yawanci a wajen wata na shida. Dalili biyu ne. Na farko jikin kilo 90 bai kai na 96 cin mai ba, kamar mota ce da aka sauke mata kaya, abincin da yake sa ki raguwa a farko yanzu ya kusa zama daidai da abin da jikin yake ƙonawa. Na biyu, kuma wannan ba laifi nake ɗora miki ba, hannu yana komawa gidan jiya a hankali ba tare da an lura ba, malmala ɗayar tana ƙara girma, ragowar indomin yara kar a zubar, ɗanɗanon miya sau uku, cincin ɗin baƙi. Kuma jikin da kansa yana turo yunwa, an yi bincike a Melbon ta Ostareliya a 2011 aka ga shekara guda bayan mutane sun rage nauyi sinadarin da yake tada yunwa a jikinsu bai koma yadda yake da ba, yana sama. Toh in kin ji kina yawan jin yunwa kar ki ce ke ce marar zuciya, halittar jiki ce, dabara ake yi mata.

Dabarar da zan fara ba ki ita ce mai. Kin cire lemo kin rage tuwo amma ba ki ambaci mai ba, kuma a girkinmu nan ɓarnar take. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori wajen 120 ne, mu kuma da ludayi muke zubawa ko mu tuntsura galan kai tsaye har sai ya taso saman miya. Ki gwada sati biyu kina aunawa da cokali, in kin zuba miya ki kauce wa man da ya taso, garau-garau da ɗanwake ki sa cokali ɗaya maimakon ki malala, awara da ƙosai su zama na wani lokaci, alale ya karɓi wurinsu. Sannan ki cika rabin faranti da ganye kafin tuwo ya samu wuri, kwaɗon zogale, rama, kabeji, lansir, ga wake da ƙwai da kifi masu riƙe ciki. Ban ce ki bar tuwo ba fa, kuma ban ce ki dinga girki biyu ba, duk tsarin da zai raba tukunyarki da ta maigida da yara ba zai kai sallah mai zuwa ba. Tafiyar kuma ki ƙara mata sauri, irin saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, ko ki ƙara minti 10.

Maganar ƙawarki zan amsa ta a wasiƙa ta gaba dan tambayarsu ɗaya, amma ga wani abu. A 2016 masu bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, ƙarƙashin Kevin Hall, suka bibiyi mutum 14 da suka taɓa shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin. A gasar, cikin sati 30 kacal, in an raba daidai kowa ya zubar da wajen kilo 58, duniya ta yi ta tafi. Bayan shekara 6 da aka sake auna su, 13 daga cikinsu sun sake yin ƙiba, in an raba daidai kusan kilo 41 ya dawo wa kowa, ga jikinsu yana ƙona kalori wajen 500 ƙasa da yadda ya kamata a kullum. Mutanen nan ba ragwaye ba ne, abin da suka yi ne ba ya yiwuwa a rayuwar gida, motsa jiki na awoyi da yunwa a gaban kyamara, da aka kashe kyamarar kowa ya koma gidansa. A Amurkan dai akwai wani rajista da Rena Wing da James Hill suka buɗe a 1994, na mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da ɗoriya kuma suka riƙe shi sama da shekara, yanzu sun haura mutum 10,000. Da aka duba me suke yi sai aka ga ba wani sirri, yawancinsu suna motsa jiki wajen awa ɗaya a rana kuma tafiyar ƙafa ce ta fi yawa, suna karyawa da safe, suna auna kansu a kai a kai. Abin da kike yi kenan ƙanwata. Shi ya sa duk wadda ta kawo min sabon tsarin abinci tambaya ɗaya nake mata, za ki iya yin wannan har shekara biyu?

Ki ajiye 70 ɗin nan a gefe tukuna. Jikin budurwa kafin haihuwa uku ne kike nema, yana iya zuwa yana iya ƙin zuwa, kuma hangensa daga nesa shi yake karya miki gwiwa dan kullum kilo 20 ɗin da suka rage kike gani. Ki sa 86 a gabanki, shi ne kashi 10 cikin 100, saura kilo 4 kenan. In kin kai, ki ɗinka sabuwar atamfa a sabon awo, ki zauna a wajen wata ɗaya ko biyu kina riƙe shi, sannan ki sa 82. Ni kaina bayan haihuwata ta huɗu sai da na shafe fiye da shekara kafin na rage kilo 11, akwai watanni biyu a tsakiya da ko gram bai motsa ba, abin da ya riƙe ni wata maƙwabciyata ce da muke fita tare bayan asuba, ranar da na ji ba na so sai in tuna tana tsaye a ƙofar gida tana jirana, kunyarta ta fitar da ni sau ba adadi. Ki nemi irinta cikin iyayen yaran makarantarku. Kuma ki rataye kalanda a kicin, duk ranar da kika yi tafiyarki ki sa alama, dan tafiyar tana hannunki, lambar sikeli ba ta hannunki.

Dangin miji kuma, na san yana da ciwo, mun taso a inda ƙibar matar aure ita ce shaidar miji yana riƙo da kyau. Amma kin lura sun ga canjin? Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki ce likita ne ya sa ki saboda hawan jini, ba wanda zai ja da wannan a cikinsu dan kowane gida akwai mai shan maganinsa. Kuma ki zaunar da maigida ki nuna masa takardar asibitin, in ya fahimta shi zai tare miki 'yan'uwansa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Bikina saura sati shida kuma inaso in rage kilo 15 kafin nan dan rigar dina ta zauna min. Na ga ana tallan shayin rage tumbi a TikTok wai kwana 14, wata kuma ta ce akwai allura da ake yi a ciki duk sati. Wanne ya fi sauri dan Allah? Ki amsa min da wuri.
Amarya mai jiran gado, Kaduna

AMSA: Allah ya sanya alheri ƙanwata, ya kai mu lafiya. Gaskiya zan faɗa miki ko ba za ta yi daɗi ba, kilo 15 a sati shida ba zai yiwu ta hanyar da ba za ta cutar da ke ba. Abin da hukumomin lafiya suke ba da shawara rabin kilo ne zuwa kilo 1 a sati, wato in kin dage tsakaninki da Allah kilo 3 zuwa 6 kafin ranar, kuma wannan ma za a gani a fuska da ƙugu. Ki ce wa tela ya ɗinka rigar a jikinki na yanzu ya bar wurin ragewa.

Shayin nan da yawansu ganyen sena ne a ciki, dangin filaskon nan da kakanninmu suke sha dan wankin ciki, wasu kuma an haɗa da abin sa fitsari. Za ki yi ta zarya banɗaki, ciki ya lafe, sikeli ya sauka, amma ruwa ne da bayan gida suka fita, kitsen yana nan inda yake domin kafin abinci ya isa hanjin da shayin yake aiki a kansa jiki ya riga ya tsotse abin da zai tsotsa. Haka ma duk wadda ta yanke tuwo da shinkafa gaba ɗaya za ta ga kilo 2 ko 3 sun tafi a satin farko, dalili akwai sukarin ajiya a hanta da tsoka wanda kowane gram nasa yake riƙe da ruwa wajen gram 3, in ya ƙare ruwan ya bi shi, ranar da aka ci shinkafa su dawo tare. Kilo 7 ɗin ƙawar maman yara uku mafi yawansa wannan ne. In aka daɗe ana shan mai sa gudawa kuma gishirin jiki irin fotasiyam yana zubewa, a samu jiri da kasala da bugun zuciya ba daidai ba, hanji ya saba har ya kasa aiki sai da shi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne waɗanda ake haɗawa a ɓoye, an sha kama kayan rage ƙiba da aka rubuta musu "na ganye zalla" alhali an zuba sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Duk abin da ba lambar NAFDAC, ba sunan kamfani, an ƙulla a leda ko an liƙa masa sitika, kar ya shiga cikinki.

Allurar kuwa, irin su Ozempic da Wegovy, magani ne na gaske kuma yana aiki, amma likita ne yake rubuta shi ga wanda ya cancanta bayan gwaji, ba a yi wa mai ciki ko mai shirin ɗauka, ke kuma gidan miji za ki. Kuma ki ji wannan, a babban gwajin da aka wallafa a 2021 mutane sun rage wajen kashi 15 cikin 100 na nauyinsu ne a cikin sati 68, shekara ɗaya da wata huɗu kenan, ita ma allurar sannu a hankali take tafiya, waɗanda suka daina kuma bayan shekara guda kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa akwai jabunta a kasuwa. Kar ki yarda wata a intanet ta sayar miki.

Ramar gaggawa tana kawo tsakuwa a matsarmama, tana sa gashi zubewa bayan wata biyu ko uku, fata ta bushe ido ya faɗa. Ki cire lemo da soye-soye, ki yi tafiya kullum, ki samu barcin awa 7, ki dinga cin abinci kafin ki fita rabon kati dan kar yunwa ta kai ki ga shawarma.

TAMBAYA: Salamu alaikum Hajiya. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari shekarata 48 nauyina 104, tumbi ya yi min yawa. An gwada ni an ce suga na yana bakin gaɓa bai kama ni ba tukuna. Matsalata ba na ɗorewa, na yi rajistar jim sau biyu sati uku na daina. Da azumi ina raguwa bayan sallah ya dawo. Daga safe zuwa magariba ina zaune a shago, lemo biyu nake sha a rana saboda zafi, da dare in tsaya wajen mai shayi. Mahaifina suga ne ajalinsa shi ya sa abin yake damuna.
Wani bawan Allah, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ka gode wa Allah da aka gano shi a bakin gaɓa, domin a daidai wannan matakin ne ƙoƙari ya fi biya. Akwai babban gwaji da aka yi a Amurka aka fitar da sakamakonsa a 2002, mutum 3,234 masu irin matsayinka. Wasu aka ba su maganin suga metfomin, wasu aka ce su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su yi tafiyar minti 150 a sati. Masu shan maganin haɗarin kamuwa da suga ya ragu musu da kashi 31, masu tafiya da gyara abinci ya ragu da kashi 58. Kashi 7 a wajenka kilo 7 ne da ɗan ɗoriya, ka koma 97, ko wata takwas ya ɗauke ka ba komai. Minti 150 kuma minti 30 ne sau biyar a sati.

Jim ba laifi ba ne amma ga wanda yake rufe shago da magariba ya shiga cunkoson hanya, sabon aiki ne ka ƙara wa kanka, shi ya sa yake faɗuwa. Ka ɗaura tafiyar a jikin abin da ba ka taɓa fashinsa. Ka ajiye mota nesa da kasuwa ka ƙarasa a ƙafa minti 15, dawowa ma haka, ka ga 30 ta cika ba ka je ko'ina ba. Ko sallar isha ka dinga zuwa masallacin da ya fi nisa a unguwa, tafiya bayan an ci abinci tana taimakawa wajen sauke sugan jini. Saƙon da kake tura yaron shago layi na uku, wani lokacin ka je da kanka.

Lemon nan kuwa shi zan roƙe ka ka fara da shi tun gobe. Yawancinsu akwai sukari wajen gram 10 a kowane mil 100, robar 50cl kenan gram 50, kusan ƙaramin cokali 12, kuma wannan shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini gaba ɗaya, kai kana shan biyu kafin a zo ga shayi mai kauri da burodi. Lemo biyun nan kaɗai kalori wajen 400 ne. Maltina da zoɓon da aka cika wa sukari duk tafiyarsu ɗaya, ruwan sanyi shi ne maganin zafi. Wajen mai shayi ba sai ka daina zuwa ba tunda hira ce take kai ka, ka ce ya sa sukari cokali ɗaya, burodin rabi.

Azumi dama haka yake, yawancin mutane kilo 1 zuwa 2 suke ragewa kuma cikin 'yan makonni bayan sallah ya dawo, dan tsarin wata ɗaya ne. Kai mai sati uku ka daina, akwai binciken Phillippa Lally a wata jami'a a Landan a 2009 da ya gano sabon hali yana ɗaukar wajen kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18 wasu har 254, wato kana ajiyewa tun bai kama ba. Kuma sun ga fashin rana ɗaya ba ya rushe abin. In an yi ɗaurin aure ka ci waina da alkaki ka sha lemo, washegari ka ci gaba daga inda ka tsaya, kar ka ce sai Litinin ko sai sabon wata. Ka fi ni sanin hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ka sa Hajiya a cikin shirin tunda ita take zuba maka abinci, ka auna ƙugunka yau, ga namiji in ya haura santimita 102 haɗarin ya yi yawa, sannan ka koma a sake gwada sugan a lokacin da likita ya sa maka.

TAMBAYA: Anti ina gaisuwa. Ni wata huɗu ina rage abinci ina tafiya amma ko kilo 1 ban rage ba sai ma ƙaruwa. Al'adata sai ta yi wata uku ba ta zo ba, gashi yana fito min a haɓa. Da can kafin aure na sha maganin ƙiba na kemis kusan shekara dan ana min gorin rama, har yanzu wani lokacin ina sha in na ji ba ni da cin abinci.
'Yar'uwarku daga Maraɗi

AMSA: Ƙanwata ke taki ba maganar ƙarin haƙuri ba ce, likita za ki gani, kuma na mata. Al'ada mai tsallake da gashin haɓa da ƙiba mai taurin kai suna iya zama alamar matsalar da ake kira PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ta shafi ƙwan mace, ana kuma duba tayirod, wato ƙwayar nan ta wuya da take saita yadda jiki yake ƙona abinci, in ta yi sanyi nauyi yana ƙaruwa ga kasala da jin sanyi. Amma abin da ya fi tsaya min shi ne maganin ƙibar nan. Irin waɗanda ake ce wa sha ka fashe sau da yawa deksametason ne ko danginsa, suna kumbura fuska, su tara kitse a ciki da doron wuya, su tada suga da hawan jini, su rikita al'ada, kuma muddin kina sha ko me kika rage a faranti ba za ki ga sakamako ba. Sai dai kar ki yanke shi rana ɗaya da kanki in kin daɗe a kansa, jiki yana iya rikicewa sosai, likita ne zai dinga rage miki shi kaɗan-kaɗan. Ranar da za ki je ki tafi da kwalin maganin ko ragowar ƙwayoyin a hannunki, ki faɗa masa tsawon lokacin da kika yi kina sha ba ɓoye-ɓoye, in kina allurar tsarin iyali ita ma ki faɗa, sannan ki rubuto ranakun da kika ga al'ada a watanni shidan da suka wuce ki ba shi.